Gashin Sista Leonila

Santa Rufina, Negros
14 ga Janairu, 1985

Zuwa ga ƙanwata Inday Nila, wadda duniya ke kira Sista Leonila,

Gaisuwa daga gidan marigayiya kakata Lola Tasing, da fatan hawan tsaunukan nan naku bai ƙarasa miki gwiwa ba. Ni lafiya lau, in ban da bayan nan da ke tashi duk ranar da na yi guga. An fara ƙona gonakin rake, gari duk toka, na toshe tagogin ɗakin siffar Uwa Maryamu da tsumma.

Ba zancen toka ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi babban Fadan cocinmu, Monsinyo Abelarde, ya karanta mana takardar Bishop a coci. Wai daga yau mace ba za ta ƙara hawa mumbari ta yi wa jama'a bayanin Bishara ba, ko da sista ce, ko da a ƙauyen da Fada ba ya zuwa sai sau biyu a shekara. Takardar ba ta ambaci sunanki ba, amma kowa ya juyo yana kallona. An ce kin cire lulluɓin sistoci kina yawo da siket kamar mai tallan kifi. An ce kin tsayar da wata Dioleta, matar mai yankan rake, ta yi wa'azi a kan gawa. Haka ne, Inday?

Tun ranar gidan nan bai huta ba. Mata sai sintiri suke yi: "Manang Noring, buɗe mana ɗakin Uwa mu ga gashin Sista." Gashin Sista! Ba su ce su ga Uwa Maryamu ba. Ba su ce su ga rigar da na yi wata huɗu ina yi wa aiki da zaren zinariya har na fara gani biyu-biyu ba.

Bari in tuna miki, tunda ke manyan abubuwa ne a gabanki. Siffar Uwa ta gidanmu ce, kakata ta gada, ni na gada a hannunta. Ke kakarki ƙanwar Lola ce kawai. An kawo ki gidan nan kina shekara bakwai da kwarkwata cike da kai, ni na zauna na tsince miki ita. Ranar da kika yi alkawarin zama sista aka yanke miki gashi, Lola ta kwashe shi a tawul ta haye jirgi zuwa Iloilo, aka yi wa Uwa hular gashi da shi. Ni ina tsaye da nawa har ƙugu, ta ce wai ya yi tsauri kamar igiyar ɗaure jirgi. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina wanke gashinki, ina shafa masa man kwakwa, ina taje shi. Duk Ista, in aka yaye wa Uwa baƙin lulluɓi a tsakiyar gari, abin da nake ji ɗaya ne: "Kai, Sista ta yi gashi!"

Ki rubuto ki faɗa min abin da zan ce wa mutane. Kuma ki mayar da lulluɓinki, kina ja mana magana.

Yayarki,
Nicanora Tupas

*

Kabugnawan, kan tsauni
3 ga Fabrairu, 1985

Manang Noring,

Yayata, na sami wasiƙarki, na yi dariyar kwarkwata har matan da muke ɓarar masara tare suka ce in karanta musu. Ban karanta ba. Gwiwata na nan tana aikinta. Ki daina guga a tsugune, ki ɗora a kan tebur, tun yaushe nake faɗa miki.

Gaskiya ne duk abin da kika ji. Mutumin ya kwana uku da mutuwa, kogi ya cika, Fada ba zai iya hayewa ba, gawa ta fara kumbura. Ni ina wani ƙauye. A cikin mutum sittin Dioleta kaɗai ta iya karatu, ni na koya mata. Ta buɗe littafi ta karanta, ta ce musu kalma biyu don matar mamacin ta iya tsayuwa da ƙafarta. Me ake so su yi, Manang? Su binne shi shiru kamar kare? Da na dawo na ce ta yi daidai, na ce ta ci gaba duk Lahadin da babu Fada. Laifina ke nan. Lulluɓi kuwa, in na sa shi ba sa cin abinci tare da ni. Kujera suke ba ni su tsaya a kaina.

Bishop ya ba ni zuwa Ista in sa hannu cewa na yi kuskure. Mu tara ne muka ƙi, sistoci huɗu da matan ƙauye biyar. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma ina jin tsoro.

Ke dai kin more, Manang. Kina gida, kin rufe ƙofa, daga ke sai Uwa sai mataji. Ba wanda zai taɓa rubuta takarda a kanki.

Ki gaida min Uwa.

Nila

*

Santa Rufina
22 ga Fabrairu, 1985

Sista Leonila,

Ina lafiya. Ina fatan kina lafiya. Na gama gaisuwa.

"Ba wanda zai taɓa rubuta takarda a kanki." Na karanta layin nan sau tara. Madalla, Inday. Wato ni ban kai a rubuta sunana ba. Ke ce mai faɗa da Bishop, ni kuwa mai mataji. Kin zauna can kan tsauni kina dariyar wasiƙata da ƙawayenki, sannan ki aiko min da wannan cin fuska. To, bari ki ji abin da mai mataji ta iya.

Ranar Talata Monsinyo ya zo karɓar rigunansa da na goge. Na kawo masa koko da wainar shinkafa. Yana ci sai ga mata uku sun fito daga ɗakin Uwa suna share hawaye.

"Norma," in ji shi, "me matan nan ke nema a gidanki kullum?"

Shekara uku ke nan da aka kawo shi daga Cebu, shekara uku ina goge masa riguna, har yau Norma yake ce min. Ban taɓa gyara masa ba.

Na ce, "Gashi suke zuwa gani, Monsinyo."

"Wane gashi?"

Ashe bai sani ba! Gari duk an sani, ba wanda ya taɓa faɗa masa. Da na ga dama da na ce gashin Uwa kawai, in ƙara masa koko. Amma wasiƙarki na cikin aljihuna tana ci na. Na ce, "Gashin da ke kan Uwa na Sista Leonila ne, wadda Bishop ke magana a kanta."

Ya ajiye kofi. Ya ce, "Wato ranar Ista gari zai durƙusa wa gashin mace mai taurin kai? A gaban cocina?"

"Haka ake yi tun kafin ka zo."

"To bana ba za a yi ba. A cire shi. In ba a cire ba, siffar nan ba za ta fita zagayen gari ba."

Na cire shi, Inday. Na naɗe shi a takarda na sa a ƙasan akwati. Washegari na zauna gaban madubi na ɗauki almakashin ɗinki, na yanke nawa daga tushe. Na kai shi Iloilo wurin ɗan mutumin da ya yi hular farko, ya ce mako uku. Ina ɗaura ɗankwali har kunne, na ce wa mutane mura nake yi. Ba wanda ya san komai.

Bana in aka yaye lulluɓi, gashin jikar Lola ta gaskiya za a gani. Na jira wannan rana tun ina shekara ashirin da biyu, kuma ba na jin kunyar faɗa miki.

Nicanora

*

Santa Rufina
20 ga Maris, 1985

Inday,

Wata guda ke nan ba amsa. Ko dai ba ki da lafiya, ko kuwa kin ga ban kai ki ɓata tawada a kaina ba. Na fi zaton na biyun. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ƙeyata na jin sanyi da safe.

Hular ta iso. Na buɗe kwali na tsaya ina kallo. A kaina ban san furfura ta yi yawa haka ba, Inday, ashe ta fi rabi. Duk da haka ta yi kyau, tana sheƙi kamar cokalin azurfa. Na rungumi kwalin na tafi gidan Fada. Na tarar da Monsinyo yana karatun jarida. Na buɗe masa na ce, "Ga shi, Monsinyo. Nawa ne. Na yanke don Uwa."

Ya leƙa ta saman tabarau ya kwashe da dariya. "Haba, Norma! Uwar Ubangiji da furfura? So kike gari ya yi mana dariya?" Ya jawo wata leda daga ƙarƙashin tebur. "Na riga na sa an kawo daga Manila. Wannan za ki sa mata."

Gashin roba ne, baƙi wuluk, yana warin sabon bokiti.

Na ce, "Monsinyo, Uwa ba ta taɓa sa gashin da ba na mutum ba. Alkawari ne, mace ke bayarwa."

"Shi ya sa muke cikin wannan rigima," in ji shi. "Ku mata komai sai kun cusa kanku. Ki sa abin da na ba ki." Ya koma kan jaridarsa. Ko ɗankwalin da ke kaina bai kalla ba, balle ya tambayi abin da ke ƙarƙashi.

Na fito ina jin kamar in zauna a bakin titi in yi kuka. Na sayar da ke, na aske kaina, kuma roba ta fi ni. Ki yi dariya son ranki, ki karanta wa ƙawayenki.

Noring

*

Santa Rufina
9 ga Afrilu, 1985

Inday Nila,

Barka da Ista. Har yanzu shiru daga wajenki, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai ke, abin takaici.

Kin san dokar gidan nan: ranar da za a shirya Uwa, ƙofa a rufe, namiji ba ya shiga ko Bishop ne. Na jera huluna uku a kan gado, taki, tawa, da ta roba. Na daɗe ina kallonsu. Na ɗauki tawa na sa mata, na taje, na ɗora baƙin lulluɓi na kafe shi da allura. Kada ki yi zaton don ke na ƙi ta roba. Don kaina na yi. Na ce ko sau ɗaya ne a gani.

Ranar Juma'a ta fita zagaye a lulluɓe, lafiya lau. Lahadi da asuba gari ya taru a dandali, maza suka zo da siffar Yesu ta wancan titi, mu muka zo da Uwa ta wannan. Aka zuro da igiya daga sama yarinyar da aka yi wa shigar mala'ika, ta kama lulluɓi ta yaye. Rana na fitowa, haske ya sauka a kan gashin nan fari sol.

Wuri ya yi tsit, makaɗa ma suka tsaya. Na kai hannu zan kwance ɗankwali. Sai tsohuwar nan Tiya Pilang ta ƙwalla ihu: "Yesu, Maryamu da Yusufu! Gashin Sista ya yi fari! Baƙin cikin abin da ake yi mata ne!"

Shi ke nan, Inday. Mata suka zube suna kuka, maza suka cire huluna. Kafin azahar labari ya kai garuruwa uku cewa an yi mu'ujiza a Santa Rufina, Uwa ta nuna tana bayan Sista Leonila. Yau motoci biyu suka zo cike da mata daga kudu, kyandir har bakin rijiya. Gashina ne. Daga kaina ya fito. Shi ma sun ba ki! Me na yi wa Allah ne?

Monsinyo ya zo jiya, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ni da ke mun san na wane ne. Ranar bikin gari, sha biyu ga Mayu, Bishop zai zo. Za ki tsaya gabansa da gaban jama'a ki cire wannan tsumma, ki ce naki ne, a kashe maganar nan. In kin yi, na yafe miki, siffa ta ci gaba da fita. In kin ƙi, ta zauna a ɗaki har ta ruɓe."

Na ce, "A ina zan tsaya, Monsinyo?"

"A mumbari mana, inda kowa zai ji ki."

To ga inda nake. In na faɗa, gari zai san nawa ne, abin da nake nema tun ƙuruciya. Amma za su tambayi ina naki, kuma wa ya kai ƙara. Matan nan da ke tsaye bayanki kuma za su koma gida da kunya. In na yi shiru, Uwa ba za ta ƙara ganin titi ba, kuma ke za ki tafi da furfurata har abada. Ki amsa min, don Allah, ko zagi ne.

Noring

*

Gidan sistoci, Bacolod
28 ga Afrilu, 1985

Manang,

Wasiƙunki uku sun same ni rana ɗaya, ɗaure da zare. Sun hau tsauni bayan na sauka, suka yi ta bina. Tun farkon Maris aka ɗauke ni daga Kabugnawan, ba su ma jira Ista ba. Ban sa hannu ba. An mayar min da lulluɓi, an sa ni a ɗakin wanki, an hana ni magana a kowane taro. Lafiyata lau, hannuna ne kawai ya tsattsage da sabulu.

Abin da kika yi ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na zauna a kan kwandon wanki na yi kuka. Amma layin nan da kika karanta sau tara, kin karanta shi a juye. Da na ce kin more, nufina kin more. Kishinki nake yi, Manang, tun ina yarinya. Ranar da aka yanke min gashi Lola ba ta tambaye ni ba, ta kwashe kawai ta tafi da shi, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ke ta ba mabuɗin ɗaki, ke ta koya wa ɗinkin zinariya, a hannunki ta mutu. Ni gashina ta riƙe, ta sallami sauran. Sau nawa na taɓa shiga ɗakin nan a ranar shiri? Ko sau ɗaya. Ke kike rufe min ƙofa.

Maganar mu'ujiza kuwa, ba na so. Dioleta ba ta yi ƙarya a kan gawar nan ba, ba za a kare ta da ƙarya ba. Ki hau ki faɗi gaskiya. Gashinki ne, ki karɓi abinki.

Abu ɗaya nake roƙo. Matakalar mumbarin cocinmu, tun muna yara nake son in san ko guda nawa ce. Ki ƙirga min.

Ƙanwarki,
Nila

*

Santa Rufina
27 ga Mayu, 1985

Inday Nila,

Goma sha ɗaya ce. Ta bakwai tana motsi, a yi hankali da ita.

Ina lafiya. Na sa miki man kwakwa a ƙaramar kwalba, ki riƙa shafa wa hannun nan. Zancen Lola kuwa, ban yarda da duk abin da kika ce ba, amma na je kabarinta na faɗa mata maganganu.

Coci ya cika har waje. Bishop na zaune da doguwar hularsa, Monsinyo ya ce wa jama'a wata baiwar Allah za ta yi gyara a kan wata jita-jita. Na hau. Ban san daga can ana ganin kowa haka ba, har mai gyangyaɗi a layin baya. Na kwance ɗankwali. Kaina kamar na ɗan kaza, coci ya ɗauki salati irin namu, kowa na kiran Yesu da Maryamu.

Na ce, "Gashin da ke kan Uwa nawa ne. Ba mu'ujiza ba ce, tsufa ne. Na Sista yana akwatina, baƙi kamar yadda yake. Ni na kai ƙararsa wurin Monsinyo, kuma hassada ce ta sa ni."

Tiya Pilang ta ce da ƙarfi, "Amma Noring ke muguwa ce!" Na ce, "Na sani, Tiya, zauna."

Monsinyo ya yi min alama da hannu in sauko. Na kama ƙarfen matakala zan juya, sai na tuna ke kina can kina wanki saboda wannan wurin da nake tsaye, ni kuwa su da kansu suka hau da ni. Ƙafata ta ƙi sauka.

Na juya wajen Bishop na ce, "Ranka ya daɗe, farar rigar da ke jikinka ni na goge ta jiya. Ƙyallen da ke kan bagadi ni na ɗinka. In mutum ya mutu a garin nan mu muke wanke shi. A kan tsauni wani ya kwana uku ba Fada, wata mata ta karanta masa Bishara aka binne shi kamar mutum. Hannunmu ya isa ya taɓa komai, bakinmu ne kawai bai isa ba? Yau da kuke so a faɗi abin da zai yi muku daɗi, ai ga mace a mumbari."

Aka zare wayar lasifika. Kin san muryata, ba ta taɓa buƙatar lasifika ba. Na ƙara da sunan Dioleta, da naki, da na sauran bakwai ɗin da na sa aka rubuto min. Sannan na sauko a hankali saboda ta bakwai ɗin nan. Wasu mata sun tafa, wasu sun kawar da kai. Tiya Pilang har yau ba ta gaishe ni.

Kada ki ce na zama irinku. Ban san rabin abin da kuke faɗa a tarukanku ba, kuma siket ɗin nan naki har yanzu ban yarda da shi ba.

Sakamako ya zo ranar Juma'a. An karɓe min guga da ɗinkin coci. Uwa ba za ta fita zagaye ba, baɗi ko bayan baɗi, sai abin da hali ya yi. Shekara casa'in tana fita, a hannuna ta tsaya. Wannan ya fi komai yi min ciwo, Inday. Na shiga ɗaki na roƙe ta gafara, na daɗe ban iya kallon fuskarta ba. Mata na cewa za su ɗauke ta a kafaɗa su zaga ba da izini ba. Na ce su bari tukuna mu ga Ista.

Gashinki na fito da shi na wanke na taje. Ba zan aiko miki ba. Shekara ashirin da bakwai ina wahala da shi, ya fi zama nawa. Har yanzu ya fi nawa laushi, kuma har yanzu abin na ba ni haushi. In sun sake ki, ki zo ranar shiri, zan bar ƙofa a buɗe.

Hukuncin nan kuwa a rubuce ya zo, da hatimin Bishop, aka karanta shi a coci jiya. Kin ce ba wanda zai taɓa rubuta takarda a kaina. Ga ta nan a gabana, shafi ɗaya da rabi. Nicanora Tupas, sau uku, ba kuskuren harafi ko ɗaya, kuma Monsinyo da bakinsa ya karanta. Taki takardar, in kin tuna, ko sunanki ba ta ambata ba.

Yayarki,
Noring